Babi na Biyu: Daga Kujera 'Yar Tsugunno Ake Farawa

Shin mutumin da bai taɓa zama a gaban kafinta ba zai iya haɗa wani abin kirki da hannunsa a cikin gida? Tambayar nan takan taso ne idan magidanci ya je ya taya kanta ko tebur ya ji kuɗin da aka yanka masa, ko uwa ta ga littattafan 'ya'yanta zube a ƙasa gara na neman hanyarsu. Wasu kuma ba kuɗin ne ya dame su ba. So suke idan an yi saukar Alƙur'ani, ko an kai amarya ɗakinta, su miƙa kyautar da ba a kasuwa aka tsinto ta ba.

Amsar ita ce zai iya, namiji ne ko mace. Sai dai akwai sharaɗi biyu: ya fara da ƙaramin abu, kuma ya san halin katako a ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu. Na biyun ya fi na farkon nauyi, kuma shi ne mafi yawan masu farawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Mu ɗauki gida ɗaya a Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofi takwas na birnin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Gida ne mai zaure da tsakar gida, wani ɗakin na ƙasa, wani na bulo, wutar lantarki kuma ta zo yau gobe ta ɗauke. Babu shago, babu inji. Duk abin da za a faɗa a wannan babi an auna shi da irin wannan gida, domin abin da ya yiwu a can zai yiwu a ko'ina.

Kayan aiki kaɗan sun isa

Zarto, guduma, tef na awo, sikwaya, fensir, cizal guda ɗaya mai faɗin rabin inci, da sanfefa. Sai ƙusa da farin gam na katako, irin su Top Bond da ake samu a shagunan kayan gini. Ko ɗaya a cikinsu ba ya bukatar wuta.

Idan kuɗi ba su da yawa, a kashe mafi tsoka a kan zarto da sikwaya. Guduma ko tsohuwa ce za ta buga ƙusa, amma dakusasshen zarto yana karya zuciyar mai koyo tun ranar farko, sikwayar da ta karkace kuwa duk abin da aka auna da ita a karkace zai fito. Gwada ta ba wuya. Ka ɗora ta a gefen falanki miƙaƙƙe ka ja layi, ka kifa ta ɗaya ɓangaren ka sake jan layi a wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna, sikwayar lafiya take. In sun rabu, mayar wa mai shago.

Abin matse katako yayin da gam ke bushewa yana da tsada, kuma ba dole ba ne. Ka samu tsohon tub ɗin babur wurin mai faci, ka yanka shi tsiri-tsiri. Idan ka naɗa shi da ƙarfi a jikin katako biyu, zai riƙe su gam har gari ya waye.

Yadda katako yake a ciki

Ka ɗauki katako kamar damin kara da aka ɗaure tamau. Kowane falanki tarin zaruruwa ne dogaye da suka kwanta gefen juna, daga gindin itace zuwa samansa. Wanda ya riƙe wannan hoto a ransa ya fahimci rabin kafinta.

Tsaga dami a tsaye abu ne mai sauƙi, karya shi a gicciye kuwa sai da wahala. Shi ya sa ƙusar da aka buga dab da bakin falanki take tsaga shi, domin ta shiga tsakanin zaruruwan ta buɗa su. Shi ya sa kuma gam ke kamawa sosai idan an haɗa gefe da gefe, amma idan aka shafa shi a kan bakin da zarto ya yanke, sai ramukan zaruruwan su shanye shi, haɗin ya zama na jeka-na-yi-ka.

Abu mafi muhimmanci shi ne ruwa. Zaruruwan nan suna shan danshin iska su kumbura, suna fitar da shi su tsuke. Amma tsawonsu kusan ba ya canzawa, kaurinsu ne ke canzawa. Ma'ana, falanki yana raguwa ne ta faɗi, ba ta tsawo ba.

Abin da hunturu ke yi wa katako

A nan ne Sakkwato ta bambanta da Legas ko Benin. Mafi yawan falankin da ake sayarwa a arewa daga dazuzzukan kudu manyan motoci ke hauro da shi, daga jihohi irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke ɗauke da danshi kusan duk shekara. Sau da yawa ba a daɗe da tsaga shi ba ake loda shi. Ya iso nan, sai ya tarar da iskar hunturu ta Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke fasa leɓe da dunduniya, sannan zafin bazara na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40. Ruwan da ke cikinsa sai ya fice da gaggawa. Falanki mai faɗin inci 12 yana iya rasa kusan kwatan inci tsakanin tsakiyar damina da tsakiyar hunturu, ɗanye kuwa ya fi haka nesa.

Duk wanda ya taɓa ganin teburin da aka kawo shi sumul a watan Agusta, kafin Janairu samansa ya buɗe har ana hango ƙasa ta tsakanin falankan, ya ga wannan aiki. Haka ƙyauren da ke cijewa da damina ya saki da rani. Mutane sukan ɗora wa kafinta laifin rashin iya aiki. Wani lokacin da gaskiyarsu, amma sau da yawa mai kayan ne ya matsa lamba, biki ya ƙarato, aka yi aiki da katakon da ya sauka daga mota shekaranjiya.

Kai da kake yi wa kanka aiki, ba wanda ke tsaye a kanka, kuma wannan ita ce babbar damar da ka fi kafintan kasuwa da ita. Ka sayi katakonka da wuri. Ka jera bulo a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa, ka kwantar da falanki a kai, ka gitta siraran sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa domin iska ta ratsa, sannan ka danne na can sama da wani abu mai nauyi. Da rani ka ba shi kamar wata guda, da damina fiye da haka. Kada ka shanya shi a rana don ya yi sauri. Bayansa zai bushe cikinsa na jiƙe, ya tanƙware, bakunansa su tsattsage.

A wurin 'yan katako

Da inci da ƙafa ake ciniki a can. Falankin da aka fi sani shi ne mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Akwai kuma sanduna masu kusurwa huɗu, 2 da 2, 2 da 3, 2 da 4. Filawud yana zuwa a faranti mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Ka sani cewa idan aka goge falanki a inji, kaurinsa da faɗinsa za su ɗan ragu, don haka abin da tef ya nuna maka shi ne gaskiya, ba sunan da ake kiransa da shi ba.

Ka gaida mai kaya, ka ce masa, "Alhaji, busasshe nake so, na aikin kujera ne, ba na rufi ba." Sannan ka duba da kanka. Ɗaga falanki biyu masu girma ɗaya kuma iri ɗaya: wanda ya fi nauyi shi ya fi ruwa. Ɗora tafin hannu a kai, ɗanye yana da sanyi-sanyi. Ka ɗaga baki ɗaya zuwa idonka ka hangi tsawonsa, za ka ga in ya lanƙwashe ko ya murɗe. Wanda ya murɗe ka bar shi ko da an rage maka kuɗi. Ka duba ƙananan huji masu fitar da gari, alamar ƙwaro ne a ciki.

Ga mai koyo, farin katako mai laushi irin obece ko afara ko malaina ya fi dacewa, domin zarto na shigarsa ba gardama kuma yana karɓar ƙusa. Maɗaci ya fi su kyau da ƙarko, ja ne mai ɗaukar ido, amma a ajiye shi sai hannu ya faɗa. Kafin ka bar wurin, ka biya a goge maka fuska biyu a inji. Kuɗi kaɗan ne, kuma sun raba ka da wahalar kwanaki.

Tsohon katako ma dukiya ne. Gadon da ya karye, tsohon ƙyaure, benci mai ƙafa uku, duk sun sha hunturu da yawa sun gama motsinsu. A cire ƙusoshin da ke ciki tsaf kafin zarto ya taɓa su. Katakon da ake ɗora kayan kamfani a kai yana da hatimi a gefe: mai HT da zafi aka gasa shi, ba laifi, mai MB kuwa maganin ƙwari aka turara masa, kada ya shiga ɗaki.

Aiki na farko: 'yar tsugunno

Babu gidan da kujera 'yar tsugunno ta yi wa yawa. Ana girki a kanta, ana wanki, ana alwala, ana yi wa yarinya kitso. Kuma duk abin da ake bukata a babban aiki yana cikinta: awo, yanka, haɗi, gogewa.

Guda huɗu ne jikinta. Saman zama mai tsawon inci 12 da faɗin inci 9. Ƙafafu biyu, kowace tsayin inci 6 da faɗin inci 9. Sai sandar tsakiya mai tsawon inci 8, wadda za ka samu daga tsirin da ya rage lokacin da ka rage faɗin falankin zuwa inci 9. Duka ƙafa 2 da 'yan kai na falanki ne, wato falanki ɗaya zai ba ka kujeru biyar.

Fara da yanke bakin falankin da ya tsage. Ka auna, ka ja layi da sikwaya a sama da gefuna biyu, domin ido ya riƙa bin zarto ta ko'ina. Ka yanka a wajen layin, ɓangaren da za a yar, don zarto ma yana cin nasa rabon. Ka tokare ruwan zarton da gaɓar babban yatsa, ka ja shi baya sau uku a hankali har ya yi wa kansa hanya, sannan ka fara turawa da dogon hannu. Kada ka danna, nauyinsa ya isa. In yana cijewa, goga masa kyandir. Idan an kusa rabuwa, ka tallafe guntun da zai faɗi don kada ya ɓalle da tsiri.

Ga inda masu koyo ke yawan kuskurewa: zaruruwan ƙafafun dole su tsaya a tsaye, daga ƙasa zuwa sama. Idan aka yanka su a kwance, ranar da mai jiki ya zauna ƙafar za ta rabe biyu. Akwai kuma wata fa'ida a ɓoye. Idan ƙafafun na tsaye, faɗinsu da faɗin saman kujerar suna fuskantar gefe guda, don haka da hunturu tare za su tsuke, da damina tare za su kumbura, babu mai jan wani har a tsage.

A ƙasan kowace ƙafa ka yanke ɗan kusurwa uku daga tsakiya, ya zama ta tsaya a kan dunduniya biyu. Daɓen tsakar gida ba ya rasa tudu da kwari, kuma dunduniya huɗu sun fi faffaɗan baki biyu samun wurin zama.

Wajen haɗi, fara da ƙafafu da sandar tsakiya, a daidaita samansu, sannan a ɗora saman zama. Ka shafa gam siriri, ka yi amfani da ƙusa mai inci 2. Kafin ka buga kowace ƙusa, ka juya ta ka ɗan daki tsininta da guduma. Ƙusa mai dakusasshen baki tana murƙushe zaruruwa ta wuce, mai tsini kuwa buɗa su take yi. Kuma kada ka buga su a miƙe duka. Ka karkata ɗaya dama, ta kusa da ita hagu, sai su riƙe juna, saman ba zai ɗago ba ko an ɗauki kujerar da shi shekara da shekaru. Gam ɗin da ya tsatso a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take. A bar ta ta kwana kafin a zauna.

Ta farko ba lallai ta fito yadda kake so ba. Yi ta biyu daga falankin nan dai, ka ajiye su gefe da gefe, za ka ga bambanci da idonka.

Benci da kanta

Benci 'yar tsugunno ce da ta girma. Tsayi inci 17, tsawo ƙafa 4, kuma maimakon sanda ɗaya a tsakiya sai a sa biyu masu faɗin inci 4, ɗaya a kowane gefe, su hana shi rangaji. Kada ƙafafun su shige ciki fiye da inci 6 daga baki, in ba haka ba wanda ya zauna a ƙarshe zai kifar da shi. Falanki ɗaya ya isa.

Kantar littattafai tana da nata sharuɗɗan. Takarda tana da nauyi fiye da yadda ake zato, saboda haka kada tazarar da ke tsakanin bangayenta biyu ta wuce inci 30, ko katakon ya yi ciki. A bangon ƙasa ƙusa ba ta riƙe kaya, gara a yi kanta mai tsayawa da ƙafafunta, hawan farko ya ɗaga daga ƙasa kamar inci 4 saboda ruwan shara da na damina. Kafin ka rufe bayanta da siririn filawud, ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, kantar ta miƙe. In bai zo ba, ka tura kusurwar da ta fi tsawo har su daidaita, sannan ka buga bayan. Wannan filawud ɗin shi ke riƙe ta a miƙe har ƙarshen rayuwarta. A gidan da ke da yara masu rarrafe da hawa, a ɗaure samanta da bango.

Ina ba mai koyo shawara ya nisanci MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, wanda ake yin kayan ɗakin amare na zamani da shi. Yana da sheƙi a ido, amma ba ya riƙe ƙusa a baki, kuma ruwa na taɓa gindinsa zai kumbura ba ya komawa.

Kyautar da ta fito daga hannu

Tun kafin zarto da falanki su zo, masassaƙa ne ke yi wa ƙasar Hausa kayan itace da gizago: turmi daga ƙirya, allo daga aduwa, akushi da muciya da kujerar mata da aka fafe daga gungume ɗaya. Sana'arsu daban ce da ta kafinta, kuma har yau ana samun kayansu a kasuwanninmu. Mai koyo ba zai kamo su ba, amma akwai kyaututtukan da hannunsa zai iya.

Wadda na fi so ita ce abin ɗora Alƙur'ani. Ka yanki katako biyu, kowane tsawon inci 14 da faɗin inci 7. Daga baki ɗaya ka auno inci 5, ka yanke tsaga mai faɗin kaurin katakon daidai, ta shiga har rabin faɗinsa. Zarto zai yanka gefunan biyu, cizal ya cire tsakiyar. Ka yi wa ɗayan haka, sannan ka zura tsagar wannan cikin ta wancan. Za su gicciye su tsaya, gajerun ɓangarorin su zama ƙafafu, dogayen su buɗe su karɓi Littafin. Ba ƙusa, ba gam, kuma ana iya zare su a sa a jaka. Sirrin yana wurin tsagar: ka yanka ta da ɗan matsi, ka riƙa buɗa ta da sanfefa har ta shiga da ɗan turawa. A nan ne ya dace a sayi ɗan guntun maɗaci. Yaron da ya yi sauka, ko mahaifiya mai karatun asuba, za su daɗe da wannan kyauta.

Allo ma ana iya yi wa yaro mai shiga makarantar allo, amma da katako tsantsa, ba filawud ba, domin wanki zai ɓare shi falle-falle. Kada a shafa masa komai, kada kuma a yi shi da katakon da aka sa wa magani, tunda akan sha ruwan da aka wanke rubutu da shi. Ga amarya kuwa, katakon yanka nama da albasa, mai kauri, da huji a kai don ratayewa, ko ƙaramar kantar jera kwalaben turare da humra.

Gogewa, shafe da gara

Sanfefa tana da lamba a bayanta. A fara da 80 mai kaushi, a koma 120, a gama da 180 ko 220. A naɗa ta a guntun katako, a riƙa bin tsawon zaruruwa, domin gogen gicciye yana barin zane da ke fitowa fili da zarar an yi shafe. A kashe kaifin kowane baki saboda hannun yara. A yi aikin a waje, da takunkumi a hanci.

Benci da kanta suna son banish, shafi biyu ko uku sirara, ciki da waje, sama da ƙasa. Wanda ya shafe fuska ɗaya ya bar ɗaya ya sa ɓangare guda na shan danshi fiye da ɗayan, falankin sai ya lanƙwashe. Da hunturu a yi shafen da sassafe a cikin ɗaki, kafin ƙura ta tashi. Abin da abinci zai taɓa kuwa, ɗan man kaɗe ko kakin zuma ya wadatar.

Gara daga ƙasa take hawowa, kuma tana son wurin da ba a motsawa. Ana shafa wa ƙafafun benci da kanta Solignum, ko baƙin man inji kamar yadda aka saba, amma iyakarsu ƙafafu, kuma ban da kayan kicin. Abin da ya fi kowane magani shi ne a riƙa janye kaya daga jikin bango ana sharewa, a kuma duba ko ta fara gina hanyarta ta laka.

Ƙusoshin da aka cire daga tsohon katako a tara su a gwangwani, zarto da cizal a rataye su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda tsohuwar ƙusa ta soka ya wanke wurin ya je asibiti a duba batun allurar tetanus, kada ya tsaya jiran gobe.

Duk ayyukan nan ƙusa da gam ne suka riƙe su, ban da abin ɗora Alƙur'ani da allo da katakon yanka nama. Tebur da gado ba sa yarda da haka, domin ana jan su ana jijjiga su kullum. A babi na gaba za mu ga yadda ake wasa cizal da zarto, da yadda ake fafe rami a ƙafar tebur a sassaƙa harshen da zai shige shi ya zauna daram. Kafin nan, mai karatu, ka je wurin 'yan katako ka sayo falanki biyu da sandar 2 da 2 guda biyu, ka jera su a inuwa yadda aka bayyana, domin su bushe kafin mu kai ga teburin.